Sanarwa ga ƴan fada: batun kwabban wasan karta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwabban robar da muke ƙirga maki da su sun gaji. Ranar Asabar na bar su cikin gwangwani a rana, zafin Damagaram ya lanƙwasa kusan rabi, yanzu ko guda goma ba sa tsayuwa a jere. Laifina ne, ku yi haƙuri.

Shawarata mu haɗa kuɗi mu sayi akwati mai guda 300, ya ishe mu mu shida. Mu nemi masu nauyin giram 11.5, waɗanda aka saka wa ƙarfe a ciki, faɗinsu milimita 39. Iska ba ta kwashe su daga tabarma. Aibinsu santsi ne da kaifin baki, amma da an wanke su da sabulu, an ɗan goge gefen da takardar goge katako, sai su zauna a hannu. Marasa lamba sun fi arha, mu manna da kanmu: fari 1, ja 5, kore 25, baƙi 100.

Ka'idarmu tana nan, maki ne kawai, ba caca ba, ko dala ba ta shiga.

Mai zuwa kasuwar Dole ta Damagaram ko Kano makon nan, don Allah ya tambayo mana farashi, ya turo hoto.