Sanarwa: Taron Iyaye Kan Abincin Tara Na Yara

Assalamu alaikum iyaye maza da mata, da fatan an wuni lafiya.

Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, za mu haɗu a ɗakin taro na makaranta kan abin da muke zuba wa yara a kwanon tara. Wata ma'aikaciyar jinya daga cikinmu za ta yi bayani, ta kuma auna nauyi da tsawon duk yaron da aka kawo.

Dalili kuwa, malamai sun ce da an tashi tara, kwandon shara cika yake da robobin lemo da ledojin biskit da cincin. Kwalbar lemo ɗaya mai 35cl tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Ni ma ina cikin masu laifin, don ranar da na makara lemon nake cusa wa autana a jaka. Mun saba cewa yaro mai kumatu shi ne ƙosasshe, alhali ƙibar yarinta takan bi mutum har girma, ta jawo hawan jini da ciwon suga, su kuma su wahalar da zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima.

Daga Litinin, don Allah ruwa kawai a gora. A sa ƙosai, dafaffen ƙwai, alale, gyaɗa ko ayaba. Taliyar leda kuma a rage, gishirinta ya yi yawa.

Kowa ya zo da naira 500 ta hayar kujeru. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar a nan kafin Alhamis.

Allah ya raya mana su cikin lafiya.

Sakatariyar rukuni