Wasiƙar Makaranta Zuwa Ga Iyaye: Darasin Da 'Yan SS2 Ke Kai Yanzu

Iyayenmu da masu riƙon yara, barkanku da war haka, ya iyali?

Wasunku sun tambaya me ya sa yara ke dawowa gida da labarin wai an taɓa sayar da kujerar Fafaroma. Gaskiya ne, kuma mu muka koya musu a darasin CRS, domin gara su ji shi daga bakinmu da cikakken bayani da su tsince shi a waya.

Mun fara daga Ayyukan Manzanni sura 8, inda Siman mai sihiri a Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi su ba shi ikon ɗora wa mutane hannu su karɓi Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsawata masa sosai. Taron bishop-bishop na Kalsidon (a ƙasar Turkiyya ta yau) a 451 ya haramta naɗa shugabannin coci don kuɗi, amma abin bai tsaya ba, saboda a Turai ta ƙarnukan da suka biyo baya kujerar bishop tana zuwa da gonaki da haraji, to masu hali suka riƙa saya wa 'ya'yansu. A 1045 Fafaroma Benedict na 9 ya karɓi kuɗi ya sauka ya bar wa uban baftismarsa kujerar, shekara na zagayowa taron bishop-bishop na garin Sutri a Italiya ya sauke wanda ya saya ɗin.

Wanda ya fi taɓa yaran shi ne Albrecht na Jamus, yana da shekara ashirin da 'yan kai ya zama babban bishop na Mainz a 1514 alhali yana riƙe da kujerar babban bishop na Magdeburg, kuɗin da Roma ta nema kuwa sai da ya ranto a bankin gidan Fugger, kun san bashi dole a biya, sai aka shiga sayar wa talakawa takardun sassaucin horon zunubi, wani kaso na tafiya wajen biyan bashin nasa. Wannan cinikin ne Martin Luther, wani malamin coci a Jamus, ya tashi a kai a 1517. Abin da ke ci mana rai ke nan, manomi da gwauruwa su suka biya kuɗin kujerar da ba su taɓa gani ba.

Ba wata ɗarika muke suka ba fa, Fafaroma Gregory na 7 ma ya yaƙi wannan ɗabi'a da ƙarfi tun daga 1073.

Don Allah ku zauna da yaranku ku karanta surar nan tare kafin jarabawa, ku bar su su yi tambaya. Za su yi wasan kwaikwayo a kanta ranar rufe makaranta, muna sa ran ganinku.

Hukumar makaranta