Sanarwa ga masu kallon kurket da fim a Jidda

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Masu bin wasannin T20 (gajeren wasan kurket) na Indiya, ku kula da agogo: Indiya ta riga mu da awa 2 da rabi, wasan ƙarfe 7 na dare can, 4:30 na yamma ne a nan. Kowane ɓangare jifa 120 gare shi, zagaye 20 na jifa 6, don haka sai ya ci awa 3 ko fiye, Magariba za ta faɗo a tsakiya. A tashi a yi salla, kar a turo sakamako sai an dawo.

Masu zuwa sinima kallon finafinan kamfanin Marvel, kar ku fita da zarar sunaye sun fara hawa, akan ɓoye wani yanki a ƙarshe. Mai ɗaukar yara ya duba alamar shekaru kafin ya sayi tikiti. Fim mai alamar R15 ba sa shigar da yaron da bai kai shekara 15 ba.