Tsofaffin tayoyi: jihohinmu su yi doka tun tulin bai fi ƙarfinmu ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan tsofaffin tayoyin mota da ke taruwa a bayan garejoji da bakin tasha da cikin magudanan ruwa, ba kuma wanda ake tambaya inda za a kai su.

Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan sakaci. A shekarar 1983 wani tulin tayoyi kusan miliyan 7 ya kama da wuta kusa da garin Winchester a jihar Virginia, ya yi wata 9 yana ci. A 1999 tsawa ta faɗa wa wani jujin a Westley, jihar Kalifoniya, aka yi sama da wata guda ana fama. Wutar taya ba ta jin ruwa, domin ramin cikinta yana riƙe iska, robar kuma tana narkewa ta koma baƙin mai da ke nutsewa cikin ƙasa ya gurɓata ruwa. Zuwa 1990 an ƙiyasta tayoyin da aka jibge a faɗin ƙasar sun kai biliyan 1.

Jihohi ne suka tashi tsaye, kowace da dokarta. Minnesota ta fara a 1985 da hana binne taya a bola. Kalifoniya ta yi tata a 1989, kuma tana karɓar dala 1.75 a kan kowace sabuwar taya, kuɗin yana tafiya wajen kwashe jujin da aka tara ba bisa ƙa'ida ba da tallafa wa masu sarrafa roba. Abin da ya fi burge ni a tsarinta shi ne rajistar masu jigila. A da, mutum zai karɓi kuɗin shagunan taya da sunan zai zubar musu, ya kama hayar wani fili a bayan gari ya yi ta jibgewa, in ya cika ya gudu ya bar mai fili da jidali. Yanzu dole mai ɗaukar kaya ya yi rajista, ya riƙe takardar da ke nuna inda ya ɗauko da inda ya sauke. Da irin waɗannan dokoki tulin ƙasar ya ragu zuwa kimanin miliyan 50.

Wani zai ce mu ai ba mu da irin wannan tuli. Gaskiya ne, amma dalilin ba abin murna ba ne: ƙona su muke yi kaɗan-kaɗan a tsakiyar mutane. A wasu mahautu da taya ake babbakar kai da ƙafa da ganda, mu saya mu ci. Yara suna cinna mata wuta don su zare wayar ciki su sayar wa 'yan gwangwan, hayaƙin yana shiga ɗakunan mata da jarirai. Tayoyin da suka tsira daga wuta kuma su tara ruwan damina, su zama gidan sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara. Wani nau'in sauron mai zane-zane daga Asiya ta cinikin tsofaffin tayoyi ya bazu a duniya, an kuma same shi a jihar Delta tun 1991. Ga tayoyin gwanjo, waɗanda ke cikin jerin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su, amma sun cika kasuwa, kuma ba sa daɗewa suke zama shara.

Ba na goyon bayan a far wa masu faci da tara. Bawan Allah da ke neman na tuwo a bakin titi ba shi da inda zai kai tayar da direba ya bar masa. A fara ware wurin tarawa mai shinge, nesa da gidaje, a jera su ƙananan tuli da tazara a tsakani yadda ko wuta ta tashi ba za ta haɗe su ba. Masu yin takalma da guga su ɗebi nasu a can. Sauran a nemi masu niƙa roba, kamar yadda ake yin tubalin daɓe da ita a Ibadan, ko a tattauna da kamfanonin siminti, tunda a ƙasashe da dama tandunsu na cin taya a matsayin makamashi. In za a sa ɗan kuɗi a kan sabuwar taya, a ba shi asusunsa daban, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da aka kashe, in ba haka ba jama'a za su ɗauke shi wani sabon haraji kawai.

Ina roƙonka, Edita, ka tura wakilanka ma'aikatun muhalli na jihohinmu da ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, su tambayo wa ke da alhakin tsohuwar taya, da kuma ranar da za a samar wa mahauta gas ko wani makamashi mai tsafta na babbaka.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano