Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Kano: Ruwanmu Na Bukatar Masu Bincike

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni tsohon malamin bayoloji ne, na sha ƙurar alli a makarantun sakandare har na yi ritaya. Shekara da shekaru ina zana wa yara ƙwayar halitta a allo, su haddace, su ci jarrabawa, alhali da yawansu ba su taɓa kanga ido a madubin ƙara girma ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau.

Roƙona shi ne a kafa cikakkiyar kwalejin kimiyyar halittu a ɗaya daga jami'o'in jiha, ko ta Wudil ko ta cikin birni. Jami'ar Bayero, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, tana iya ƙoƙarinta, amma ta tarayya ce. Mu ma ya kamata mu sami namu masu bincike da za su sa ido a kan ruwan Kano dare da rana.

Ranka ya daɗe, ka dubi ƙoramar Jakara. Ta ratsa gari, ta kwashi ruwan kwatoci, ta haɗu da abin da ke gangarowa daga masana'antun Bompai, ta zube a madatsar Wasai. A gaɓarta ake noman rani, latas da kabeji da alayyahu, washegari su iso kasuwa mu saya mu ci. Can kudu kuma masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa suna aiki da sinadarin kuromiyom, wanda ba ya ruɓewa. Yana taruwa ne a ƙasa da jikin kifi. Ba cewa nake a rufe sana'ar kowa ba, Kano da fata ai an daɗe ana tare. Cewa nake a riƙa aunawa a kai a kai, a faɗa wa manomi da majemi sakamakon da Hausa.

Ga kuma kududdufanmu, waɗanda kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Sauro na ƙyanƙyasa a ciki, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ma nan take zama, yara kuma na wanka. Ba cututtukan ruwa kaɗai ba ma, mashaƙon 2023 ya fi tsananta a jiharmu, kowa ya gani.

Sai dai don Allah kada a fara da katafaren gini da ƙofar shiga mai ado. A fara da ɗakin gwaji mai ruwa da wutar sola, da firjin ajiye samfur, da madubai masu aiki, da mota ko guda ɗaya ce mai kai ɗalibai bakin rafi da dajin Falgore. A kuma kula da ma'aikatan ɗakin gwaji, domin su ne gishirin aikin, su kuma aka fi mantawa.

Idan hanya ta bi da kai ta Jakara, ka sa a ɗebo maka ruwanta a kwalba, ka ajiye a kan teburinka kwana uku.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani tsohon malami, birnin Kano