Wasiƙa zuwa ga aminina kan littattafan marigayi Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya Damagaram, yaya kuma zafi? Mu nan alhamdu lillahi, sai kewarku.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne littattafan marigayi Malam da ke cikin adaka a ɗakin soro. Kwanan baya an kawo mana masu horarwa a wajen aiki, suka koya mana shirin ko-ta-kwana na gidajen tarihi, wato abin da za a yi idan gobara ta tashi, ko ambaliya ta shigo, ko rikici ya ɓarke. Ana karatun nan hankalina yana kan adakarku.

Da labarin Birazil aka buɗe mana. A watan Satumba na 2018 wuta ta kama gidan tarihin ƙasar da ke Rio de Janeiro, mai ɗauke da kaya kusan miliyan 20, ta cinye mafi yawansu a dare guda. 'Yan kwana-kwana sun iso, amma famfunan da ke kusa ba ruwa, sai daga wani tafki aka riƙa ɗebowa. Cikin abin da ya ƙone har da muryoyin da aka naɗa na harsunan 'yan asalin ƙasar, waɗansunsu babu mai magana da su yanzu. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Na Tumbutu ya fi kusa da mu. Da 'yan bindiga suka kama garin a 2012, Abdel Kader Haidara, wani mai kula da ɗakin tsofaffin littattafai a garin, da iyalan da ke riƙe da littattafan kakanninsu suka riƙa zuba su cikin akwatunan ƙarfe, suna fitar da su a ɓoye, wasu a mota, wasu a kwalekwale ta kogin Kwara, har Bamako. A Janairun 2013 an ƙona kimanin 4,000 a cibiyar adana tsofaffin littattafai ta Ahmad Baba da ke garin, amma dubban ɗaruruwa sun tsira. Dalili kuwa, mutanen nan sun san abin da ke hannunsu, sun san inda yake, sun san wanda za su amince wa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka'ida ta farko da suka nanata mana ita ce rai yana gaba da komai. Ba mai komawa cikin hayaƙi saboda takarda, ko ta wane ne. Ta biyu kuma, a zauna tun ana zaune lafiya a fitar da 'yan abubuwan da za a fara ɗauka idan lokaci ya ƙure, a yi musu alama, kowa ya san inda mabuɗi yake. Nan muka yi ta gardama, don kowane ma'aikaci gani yake na sashensa ya fi daraja. Ni dai ina ganin gara a yi wannan gardamar yau da a yi ta ruwa yana gwiwa.

Abin da ya fi amfanata shi ne gwajin da aka yi mana da tsofaffin jaridu da littattafan da aka jiƙa cikin baho. Jiƙaƙƙiyar takarda ba ta ɗaukar nauyin kanta, ka ɗaga ta da yatsu biyu sai ta rabe, don haka a kan faranti ko allo ake ɗaukar ta. Ba a shanya ta a rana, a inuwa ake shimfiɗa ta inda iska ke kaɗawa. Ba a tilasta wa shafukan da suka manne su rabu. Kwana biyu zuwa uku kawai gare ka kafin fumfuna ta kama. Idan sun yi yawa, naɗe su ake yi a sa a firiza, ƙanƙara ta tsayar da ɓarnar har a samu sarari. Da irin wutar lantarkinmu, na ce musu sai dai mu ƙulla magana da masu sayar da ƙanƙara tun yanzu, kuma sun karɓi shawarar.

To ka dubi namu littattafan. Tawadar gawayi da ƙaro ba ta jimirin ruwa, ka san yadda take bin ruwa idan an wanke allo. Warƙoƙin kuma ba a ɗinke suke ba, a gafaka suke, ba lambar shafi sai kalmar nan da mai kwafi yake rubutawa a ƙasa don nuna farkon shafi na gaba. Idan suka watse suka jiƙe, wa zai mayar da su yadda suke?

Kai ganau ne kan yadda tsohon masallacin garinku ya rufta a daminar 2024, a watan da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Soron Malam ma ginin ƙasa ne. Don Allah, kafin ruwa ya sauka, ka sa a duba rufin da indararo, a sake yaɓe inda ya tsage. Ka ɗora adakar a kan bulo, ka janye ta daga jikin bango saboda danshi da gara. Kada ka ƙulle littattafan cikin leda, gumi take tarawa. Sannan ka sa yaran nan su ɗauki hoton kowane shafi da waya, bi da bi yadda suke a jere, ka aiko mini da kwafi, ka ba Yaya ma nasa, don kada su zauna wuri guda. Ka fara da Alƙur'anin da Malam ya rubuta da hannunsa da wasiƙun nan na ajami.

In Allah ya yarda zan zo bayan Sallah mu rubuta sunayensu tare. Ka nemo mana wani cikin tsofaffin almajiran Malam wanda ya san su, ya zauna da mu.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ina neman addu'a. A shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini.