Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙungiyarmu ta Masu Aikin Lantarki a Katsina

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Tarurrukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, ban da na azumi da aka ɗage. Batun kuɗi na ma'aji ne, zai karanta nasa. Masu bashi dai sun san kansu.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne gwajin na'urar da ke katse wa lifta wuta idan ƙararrawar gobara ta tashi. Benaye masu lifta ba su da yawa a garin nan, shi ya sa wasunmu ba su taɓa ganin gwajin ba sai bana.

Abin bi da bi ne. Da na'urar jin hayaƙi ta kama, lifta za ta sauko ƙasa ta buɗe ƙofa, mutane su fita. Katse wuta kuwa aikin na'urar jin zafi ne, domin kada bututun feshin ruwan kashe gobara ya jiƙa inji ko birki lifta tana tafiya. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta NFPA 72, wadda muka bi, ta ce a kafa ta kusa da bakin bututun, kada tazarar ta wuce ƙafa 2, kuma ta riga shi farkawa. Yawanci ita tana kamawa a digiri 57 na ma'aunin Celsius, shi kuwa jan ƙwan gilashin da ke toshe bakin bututun yana fashewa a 68.

A wani bene da ba za mu ambata ba, mun hura wa na'urar jin zafin iska mai zafi, bireka (makunnin da ke katse wa lifta wuta) ta faɗi nan take da wutar gari ta KEDCO. Har an fara tattara kaya, wani dattijonmu ya ce, "Yara, ku tada janareto tukuna." Aka tada, aka sake gwadawa, lifta ta ci gaba da zirga-zirgarta. Ashe an ja mata layin janareto ta bayan birekar. Ranar sai bayan isha'i muka tashi.

Ƙurar hunturu ma ta ba mu wahala. Tana cika na'urorin hayaƙi su riƙa ƙara ba gaira ba dalili, masu gadi su gaji su zare waya. A ganina wannan ya fi rashin na'urar haɗari, tunda mai gini yana zaton yana da kariya.

Baɗi, in Allah ya kai mu, duk gwaji za a yi shi sau biyu, da wutar gari da ta janareto, a kuma share na'urorin hayaƙi kafin hunturu ya kankama. Mai son shiga ayarin gwaji ya ba da sunansa kafin taro na gaba.

Sakatare